Yadda Za Ka Gano Gaskiyar Farashin Tsohon Katin Ɗan Wasa Kafin Ka Taya

A Kantin Kwari na koyi ciniki, a shagon kawuna, ina yaron shago mai ninke atamfa da shadda. Abin da na fara ganewa a can shi ne, mai saye da ya san nawa aka sallama turmi jiya ba ya dogon surutu. Zai taya sau ɗaya ko biyu, a ce albarka, ya ƙara kaɗan, a sallama masa. Baƙon da bai san cinikin jiya ba kuwa, shi ake ninka wa kuɗi, ya tafi yana godiya. Yau ina zaune a Houston ta Amurka, kuma na shafe shekaru ina tara tsofaffin katunan 'yan wasa ina saye da sayarwa ta intanet, amma darasin nan bai sauya ba ko kaɗan. 'Yan'uwa da dama sun tambaye ni yadda ake sanin farashi a wannan harka, to ga yadda nake yi.

Ga wanda bai taɓa riƙe ɗaya ba, katin ɗan ƙaramin kwali ne, faɗinsa inci biyu da rabi, tsawonsa inci uku da rabi, girman da kamfanin Topps ya tsayar tun 1957. Hoton ɗan wasa a gaba, bayaninsa a baya. A da cikin kwalin taba ko fakitin cingam ake saka su, yara su yi wasa da su su yar. Waɗanda suka tsira su ne suka zama dukiya. Katin ɗan wasan baseball Mickey Mantle na Topps na 1952 an sayar da shi dala miliyan 12.6 a gidan gwanjon Heritage a watan Agustan 2022. Na Honus Wagner, shi ma ɗan baseball, wanda kamfanin taba ya buga tsakanin 1909 da 1911, ya kai dala miliyan 7.25 a 2022 ɗin. Na Pelé na 1958 ma ya haura dala miliyan ɗaya. Amma kada waɗannan alƙaluma su ruɗe ka. Mafi yawanmu cinikinmu daga dala ashirin ne zuwa ɗari biyar, kuma a nan ƙasa ne aka fi cutar mutane, don babu ɗan jarida da ke sa ido.

Ni Hakeem Olajuwon ne ya jawo ni. Ɗan Legas, wanda ya ci wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995, yana buga ƙwallon kwando da azumi a bakinsa cikin Ramadan. A cibiyar Musulunci da ya kafa a tsakiyar birnin nan, cikin wani tsohon ginin banki, nakan yi sallar Juma'a wani lokaci. Katinsa na kamfanin Fleer na 1986, mai lamba 82, shi na fara nema da gaske. A farkon 2021 na ga wani ya ɗora hotonsa a wani rukunin masu tara katuna, babu farashi, sai dai "mai so ya yi magana ta sirri". Na yi magana. Ya ce dala 420, ya turo mini hotunan wasu tallace-tallace uku da aka rubuta 450 da 480 da 500. Na taya 380, ya sallama, na yi murna. Bayan mako guda wani dattijo da ya daɗe a harkar ya zaunar da ni, ya buɗe wayarsa ya nuna mini cewa irin katin, da irin makinsa, wato makin ingancin da kamfanin tantancewa ya ba shi, ana ta sayar da shi tsakanin 240 da 260 a wannan watan. Hotunan da aka turo mini na gaskiya ne, sai dai farashin da masu kaya ke nema ne, ba wanda wani ya biya ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin a Kwari ba zan taɓa faɗawa irin wannan ramin ba.

To wannan ne tushen komai: kuɗin da aka rubuta a kan kaya buri ne na mai kaya. Farashi shi ne abin da ya fita daga aljihun wani ya shiga na wani. Kowa na iya rubuta dala dubu a kan katin dala hamsin ya bar shi shekara biyu yana jiran tsautsayin wani.

Inda za ka ga cinikin da aka riga aka yi

Fara da eBay, don ita ce babbar kasuwar. Rubuta shekara, kamfani, sunan ɗan wasa, lambar kati da maki. Idan sakamako ya fito, shiga wurin tacewa ka danna Sold items. Nan take tallace-tallacen masu buri za su ɓace, a bar maka abin da aka sayar cikin kwana 90 da suka wuce, kowane da ranarsa. 'Yan harkar suna kiran waɗannan comps, ni kuwa cinikin baya nake ce musu.

Akwai tarko ɗaya a nan. Idan ka ga an ja layi a kan farashin, ma'anarsa mai kaya ya karɓi tayin da ya gaza abin da ya rubuta, kuma eBay ba za ta nuna maka nawa ne a wannan shafin ba. Sai ka ɗauki sunan katin ka kai shafin 130point, kyauta ne, shi zai fito maka da ainihin kuɗin da aka sallama. Na sha ganin an rubuta 300 an ja layi, a can kuwa 210 ne. Mai son ya yaudare ka hoton 300 ɗin zai turo maka.

Idan katin ba a cika ganinsa ba, kwana 90 ba za su ishe ka ba. Kamfanin tantance katuna na PSA yana da shafi na kyauta da ke jera sakamakon gwanjo na katunan da ya tantance, maki-maki, har shekaru baya. Gidajen gwanjo irin su Heritage da Goldin da Robert Edward suna barin tsofaffin sakamakonsu a buɗe, wasu sai ka yi rajista. Akwai kuma na biyan kuɗi, Card Ladder da Vintage Card Prices, waɗanda ba na ba sabon shiga shawarar ya biya musu sai cinikinsa ya kai ya kawo. A da, tun daga 1984, mujallar Beckett ta wata-wata ce alƙalin farashi, kowa da ita a hammata yake zuwa baje koli. Har yau za ka ji wani ya ce "a littafi kaza ne". Littafi kiyasi ne, kuma kasuwa tana riga shi gudu.

Kwatanta abu da irinsa

A nan ne ake buƙatar haƙuri, don kuskure kaɗan yana ninka farashi sau biyar. A jerin Fleer na 1986 akwai katuna 132, sannan akwai sitika 11 daban da ake sakawa ɗaya a kowane fakiti. Olajuwon yana da kati, yana kuma da sitika, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Sunansa ma a jikin katin Akeem aka rubuta, domin sai a 1991 ya gyara rubutun ya koma Hakeem. Idan ka nema da suna ɗaya kawai, rabin cinikin zai wuce ka. Ga kuma waɗanda aka sake bugawa daga baya don tunawa, masu kama da na asali sak ga wanda bai juya bayansu ya karanta ƙananan rubutu ba.

Sai maki. Kamfanonin tantancewa, manyansu PSA da SGC da Beckett, suna duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin gidan roba mai lambar shaida. Abu huɗu suke kallo: kusurwoyi, gefuna, fuskar katin, da yadda hoton ya zauna a tsakiya. Tsakanin maki 7 da 8 ana iya samun ninki, tsakanin 9 da 10 kuwa wani lokaci rami ne mai zurfin gaske. Kuma 8 na wannan kamfani ba lallai kasuwa ta biya shi daidai da 8 na wancan ba. Saboda haka kada ka yarda a kawo maka cinikin PSA a matsayin hujjar farashin katin wani kamfani, balle na ƙananan kamfanonin da ba wanda ya san su, masu raba maki 10 kamar goron biki. Ka kuma lura da ƙananan haruffa kusa da makin. Idan ka ga OC, hoton ya karkace ne sosai, kuma 8 mai OC kasuwa tana ɗaukarsa kamar wanda ya gaza da maki biyu ko kusa da haka.

Ko maki ya zo ɗaya, ido yana da nasa hukuncin. Katunan Fleer na 1986 gefensu ja ne da shuɗi, da zarar ya ɗan gogu sai farin kwali ya leƙo. Na taɓa riƙe guda biyu masu maki 7. Ɗaya hotonsa ya zauna daram, jan gefensa bai tsage ba, sai wata 'yar kusurwa ta ƙasa da ta dakushe, wadda sai ka karkata shi a ƙarƙashin fitila za ka gani. Ɗayan kusurwoyinsa kamar wuƙa, amma hoton ya zame hagu har yana damun ido. Na farkon zai fi kuɗi kowace rana. Don haka idan ka ga wani ciniki ya fita zakka a cikin jerin, buɗe hotonsa ka gani kafin ka yanke hukunci.

Yadda nake fitar da lamba ɗaya shi ne: in tara ciniki biyar zuwa goma na baya-bayan nan, in cire mafi tsada da mafi araha, in jera sauran, in ɗauki na tsakiya. Sannan in duba ranaku, shin hawa yake ko sauka. Ranar ciniki tana da nauyi fiye da yadda mutane ke zato. Katin Michael Jordan mai lamba 57 na jerin Fleer na 1986, mai maki 10, an sayar da shi dala 738,000 a farkon 2021, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida kowa ya afka harkar. Kafin a yi shekara biyu ya faɗo ƙasa da rabin haka. Duk wanda ya kawo maka cinikin 2021 yau a matsayin hujja, tsohon labari yake sayar maka.

Najashi

Malamanmu na fiƙihu suna da suna ga mutumin da ke taya kaya ba don zai saya ba, sai don ya ingiza farashi wani ya faɗa. Najashi ake ce masa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi ƙarara. Na yi mamaki da na tarar wannan tsohuwar cuta ita ce babbar annobar gwanjon katuna a Amurka. Bill Mastro, wanda gidan gwanjonsa ya taɓa zama kan gaba a harkar, ya amsa laifi a kotun tarayya a 2013, ya yarda ana cusa tayin bogi a gwanjonsa, ya kuma yarda shi ya datse gefen wani sanannen katin Wagner don ya yi kyau, katin da shi ne na farko da PSA ta tantance. A 2015 aka yanke masa ɗaurin wata 20.

Illar najashi ba ta tsaya ga wanda ya saya ranar ba. Farashin bogin yana shiga jerin cinikin baya, gobe wani ya kafa hujja da shi. Haka ma gwanjon da aka ci ba a biya ba, yana iya zama a jerin kamar an sayar. Hanyar kama wannan ita ce lambar shaida da ke jikin gidan roba. Idan ka ga katin da aka ce an sayar da tsada ya sake bayyana bayan mako biyu, lamba ɗaya, hannun mai kaya ɗaya, to cire wancan cinikin daga lissafinka. Ka kuma buɗe tarihin tayi. Mai taya da ba shi da tarihin saye, wanda ke ƙara dala biyar-biyar har sai ya gano iyakar wani sannan ya janye, alama ce da bai kamata a kau da kai gare ta ba.

Garkuwata ɗaya ce. Ina rubuta iyakata a takarda tun kafin gwanjo ya yi zafi, in jira daƙiƙun ƙarshe, in saka ta sau ɗaya. Idan an wuce ni, Allah bai sa rabona ba ne, wani zai fito mako mai zuwa. Wanda ya saka iyakarsa tun ranar farko ya ba mai najashi kwana bakwai ya yi ta lalube.

Kuɗin da ke ɓoye a bayan farashi

A gidajen gwanjo, mai saye yana biyan la'ada a kan abin da ya taya, kusan kashi 20 cikin ɗari ko ya ɗan fi. A ce ka ci gwanjo a dala 500. La'ada ta mai da shi 600. Kuɗin aikawa, a ce 15. Harajin saye a nan Houston kashi 8.25 ne, wato kusan dala 50. Ka tashi a kusan 665. Kuma sakamakon da gidajen gwanjo ke wallafawa galibi har da la'adar a ciki, saboda haka idan cinikin baya ya nuna 600, iyakar tayinka 500 ce, ba 600 ba. Mutane da yawa a nan suke zamewa. Mai saye daga Kano ko Yamai ko Kumasi sai ya ƙara kuɗin aikawa ƙetare da inshora da kwastan da canjin dala na ranar, ya kuma tabbatar mai kayan yana aikawa ƙasarsa tun kafin ya taya.

Ta ɓangaren mai sayarwa, eBay tana cire kusan kashi 13 cikin ɗari. Katin da aka sayar 250 a can, kusan 217 ne ke isa hannun mai shi. Wannan ya ba ka hujja mai ƙarfi idan kuna ciniki kai tsaye: ka ce masa, malam, cinikin baya 250 ne, a can 217 za ka karɓa, ni ga 230, ka ƙaru na ƙaru. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan lissafin. Amma biya ta hanyar da ke da kariya. A PayPal akwai turawa ta sayen kaya, akwai ta 'yan'uwa da abokai. Ta biyun ba a cire komai, shi ya sa ake kwaɗaitar da kai, sai dai idan kaya bai zo ba babu inda za ka kai kuka. Ni ina biyan ɗan kashi ukun da ake cirewa a ta farkon da kaina in dai ban san mutum ba.

Kafin kuɗi ya fita, shigar da lambar shaidar a shafin kamfanin da ya tantance, ka ga ko suna da shekara da maki sun dace, don ana yin gidajen roba na jabu. Ka duba ƙidayar da kamfanin ke fitarwa ta yawan katunan da ya ba kowane maki. Idan mai kaya ya ce katinsa ba a samunsa, ƙidaya kuma ta nuna dubbai, ka san inda maganarsa ta tsaya. Katunan ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 an buga su ne kamar ruwan sama, yawancinsu tsufansu bai ba su daraja ba. Ɗanyen kati kuwa, wanda ba a tantance ba, saya shi da farashin ɗanye. "Zai samu 9 idan ka tura" magana ce kawai. Da mai shi ya yarda da ita da ya tura da kansa.

Idan kai ne mai kaya

Duk abin da na lissafa a sama ya yiwu ne saboda wasu sun bar cinikinsu a fili. To ranar da ka zama mai sayarwa, bashi ne a wuyanka. Rubuta farashi a jikin tallan, kowa ya gani. Al'adar "a zo ta sirri" ba ta da wata fa'ida sai ta ba mai kaya damar auna kowane mai saye ya yanka masa gwargwadon jahilcinsa, kuma da ita aka same ni. Ɗauki hoton gaba da baya, da kusurwoyi huɗu a kusa, a hasken rana. Idan akwai layin ninki ko tabo, ka faɗa da bakinka, ka kewaye shi a hoto. Hadisin da ya ce masu ciniki idan suka yi gaskiya suka bayyana ana sa musu albarka, idan suka ɓoye a shafe ta, ni a kan ɗan kwalin nan ma nake ganin aikinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne goge farashi bayan an sayar. Mutum ya sayar, sai ya share lambar ya rubuta "an sayar" kawai. Wasu suna cewa don kare mai saye ne, kada ya zo sayarwa a san nawa ya saya. Na ji hujjar, amma ban gamsu ba. Ba sai ka faɗi sunan kowa ba, lambar kawai ake buƙata, kuma ita ce fitilar wanda zai zo bayanka.

Tallana na ƙarshe haka na rubuta shi: Fleer 1986, Olajuwon lamba 82, PSA 7, hoto ya ɗan zame hagu, kusurwoyi lafiya, ga ciniki uku na baya da ranakunsu, ina neman dala kaza har da aikawa cikin Amurka. Wani ya taya da ragin dala goma sha biyar, na sallama, na koma na rubuta ainihin abin da na karɓa da ranar a ƙarƙashin tallan, na bar shi. Na kuma shigar da shi a littafin da nake ajiyewa, mai layi biyar: rana, kati, lambar shaida, abin da na biya gaba ɗaya, abin da ya shigo hannuna. Abin da na fara shigarwa a littafin shi ne katin nan na dala 380. Shi ban sayar ba, yana kan teburina, da 'yar takarda manne a bayan gidan robarsa mai ɗauke da lambobi biyu, 380 da 250, ita nake nuna wa duk wanda ya zo gidana ya ce yana son shiga harkar.